Ganye Biyu na Bhogla

Shekara ashirin Bhogla Tudu yana masinjan ƙauyensu na ƙabilar Santalawa, bai taɓa ɓata saƙo ba. Sai shekarar da zamindar, mai ƙasar da Turawa suka ɗaure wa gindi, ya ƙwace gonakin da suka sare daji suka yi, ya kuma sa su noma masa kyauta. Dattawa suka ce ya isa. Mai gari ya miƙa wa Bhogla reshen itacen sal mai ganye biyar ya kai ƙauyuka, wato nan da kwana biyar kowa ya fito da kwari da baka. In aka zo a rarrabe, 'yan sandan zamindar tsince su za su yi ɗaya-ɗaya.

Da rana tsaka ya isa ƙauyen surukansa, ya jingine reshen, ya zagaya bayan gida. Yana dawowa ya tarar ƙanin matarsa, Chunu, yana busa hayaƙi.

"Ina reshen?"

"Masinjanmu ya wuce da shi gaba, yaya. Zauna mana, ga giyar shinkafa."

"Wannan tabar da me ka naɗe ta?"

"Da ganye mana. Da me ake naɗewa, da kunnenka?"

"Wane ganyen?"

"Biyu kawai na tsinka. Ga ɗaya na naɗa maka, kada ka ce ban san girmanka ba."

Bhogla ya dafe kai. "Dajin sal ya kewaye gidanku, ɗan banza, sai nawa ka gani?"

"To naka ne a kusa."

Bai tsaya dukansa ba, don babu lokaci. Ya bi reshen da gudu, ƙauye shida yana gyara magana da baki cewa kwana biyar ne ba uku ba, ana masa kallon mashayi, domin wa zai bar ganye ya kama zancen mutum? Da rantsuwa da roƙo biyar suka yarda. Na shida suka ce su abin da suka ƙirga suka sani.

Kwana uku cif sai ga su, mutum tamanin da kwari da baka, a ƙofar Bhogla. In aka hange su, an gama. Ya cusa su a garke da bayan rumbu, matarsa Dumni tana dafa shinkafar iri tana tsine wa ƙaninta.

Ranar biyar aka fita gaba ɗaya, 'yan sanda suka watse. Bhogla kuwa damina ta same shi babu ƙwaya ɗaya ta shuka, sai wadda surukai suka aiko, Chunu ya ɗauko a ka, yana tambaya ko akwai wutar kunna taba.