Kwalbar Kawu

Yayana kifi yake ɗaukowa a keke daga bakin ruwa zuwa kasuwar Yelwa, sawu biyu a rana, tun ina firamare. Shi ya sa da matasan unguwarmu suka fara tseren keke bayan sallah, shekara uku a jere ba wanda ya ga ƙeyarsa. Waɗanda ya bari a baya kuwa suka ce ai ba ƙafa ba ce, tiramol ne. Mutumin da ko goro bai ci!

Kawu, ƙanen Inna, shi ne shugaban kwamitin tseren, kuma ba ya zama wuri bai yi wa'azi kan ƙwaya ba. A shekara ta huɗu ya samo wani ma'aikacin lafiya mai 'yan tsinkayen awon fitsari, ya ce duk wanda ya zo na ɗaya sai an auna shi. Awo, in ji Kawu, bai san ɗan'uwa ba.

Yaya ya yi murna, har safiyar tseren da Inna ta ɗura masa jiƙon saiwoyi da rubutu. Ya same ni ina goge babur ɗina na kabu-kabu, ido ya raina fata.

"Kai, in abin ga ya ga jiƙon Inna fa? Mi zan ce ma mutane?"

Ni kuwa sarkin dabara, a aljihuna akwai kwalbar fitsarin Kawu. Yana da ciwon suga, ni nake kai masa ita asibiti duk wata. Na ce, "Yaya, duk Yauri akwai fitsarin da ya kai na Kawu tsarki?" Na tsiyaya masa rabi a wata 'yar kwalba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Yaya ya zo na ɗaya, kamar kullum. Ma'aikacin ya miƙa masa kwalba ya nuna masa bayan zana. Ba wanda ya bi shi, don wa zai tsaya kan magidanci yana tsugune? Ya fito, aka tsoma tsinke, ma'aikacin ya duba, ya sake dubawa, ya raɗa wa Kawu magana a kunne.

Tiramol.

Kawu ya karɓi lasifika. Wallahi ya yi jawabi mai kyau, har da ƙwalla. Ya ce ko ɗan 'yar'uwarsa ne ba zai rufa masa asiri ba, aka yi ta kabbara. Ina tsaye sai na tuna jajayen ƙwayoyin da yake saye wurin mai tallar magani, waɗanda yake kira maganin ciwon baya. Ko ya san abin da ke ciki, ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Na ja Yaya gefe. "Bari in faɗa musu. Ni na yi, kwalbar Kawu ta."

Ya riƙe mini hannu har ya yi zafi. "Ka tona ƙanen Inna gaban jama'a? Rufe min baki."

Aka ba na biyu sabon keken. Yara suka laƙa wa Yaya Mai Tiramol, har masuntan da ya shekara goma yana hulɗa da su suka riƙa tambayarsa ko da saura a aljihu. Tseren kuwa ya yi suna, ana cewa namu ne mai gaskiya, tunda akwai awo.

Bayan wata guda Inna ta matsa sai Yaya ya je ya ba Kawu haƙuri. Na kai shi a babur. Kawu na kishingiɗe a zaure, ya yi masa nasiha mai tsawo, sannan ya ce, "Na yafe maka. Amma ka bari, abin ga kashe mutum yakai."

Yaya ya durƙusa ya ce, "Na gode, Kawu."

Da za mu fita Kawu ya miƙo mini kwalbar wannan watan, ya ce in kula kada ta zube.