Mai Facin da Ubansa Ya Raɗa wa Nabal

A bakin babban titi, daidai kwanar da manyan motoci ke rage gudu, akwai wata rumfar kwano da aka danne rufinta da tsofaffin tayoyi. Mai rumfar kowa Mai Faci yake ce masa. Matarsa "Baban yara" take kiransa, ubansa kuwa bai taɓa wuce "kai yaro" ba. Har furfura ta fara fito masa a gemu, in ka cire waɗannan biyun, babu wanda ya san ainihin sunansa Nabal ne. Shi kuwa yana ji da sunan a ransa, don ubansa ya sha gaya masa cewa sunan wani hamshaƙin attajiri ne na zamanin da, mai tumaki dubbai, wanda labarinsa ke cikin nassi.

Aikinsa babu mai kushewa. Zai tsoma tiyub a rabin durom na ruwa, ya bi shi sannu a hankali har kumfa ta tona inda hudar take, ya kankare wurin, ya shafa gam, ya danne. Sai dai hannunsa a dunƙule yake. Ba ya ba da aron jak na ɗaga mota, ba ya ba da aron sifana, ko uwarka ce ta haife shi.

Wata Lahadi aka kawo sabon fasto majami'arsu, matashi, ɗanyen fitowa daga makaranta, mai son fassara kalmomin Ibrananci. Mai Faci yana gyangyaɗinsa na kullum a bencin kusa da taga sai ya ji an ambaci sunansa daga kan mumbari. Ya farka, ya gyara zama, ya zunguri matarsa da gwiwar hannu, wai ta saurara da kyau.

"Nabal," in ji fasto, "a harshen Ibraniyawa ma'anarsa wawa. Ba wawa mai dalalar da yawu ba. Wawan da Allah ya ba komai, amma bai san alheri ba."

Ya shiga ba da labarin. Wani jarumi, wanda daga baya ya zama sarki, ya aiki mutanensa su roƙi attajirin abinci, don sun daɗe suna tsare masa makiyaya a jeji. Attajirin ya kore su da baƙar magana. Matarsa mai hankali ta ɗora wa jakuna abinci a ɓoye, ta tari jarumin a hanya, ta ba shi haƙuri, ta ce mijin nata halinsa ya bi sunansa. Da attajirin ya ji abin da ta yi, zuciyarsa ta sandare kamar dutse, bai daɗe ba ya mutu. Jarumin kuma ya auri matar.

Mai Faci bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba.

"Fasto, a ji tsoron Allah! Ni ban taɓa korar kowa a kan abinci ba!"

Fasto ya cire tabarau.

"Baba, ai ba da kai nake ba."

"To da wa kake? Nabal nawa ne a ɗakin nan?"

Da bai tashi ba, da babu wanda zai sani. Kafin yamma har masu sayar da mai a gefen titi sun ji labari.

Daga majami'a gidan ubansa ya zarce. Ya tarar da tsohon a kan tabarma yana shan hantsi.

"Baba, sunan nan da ka sa mini, ka karanta labarin mai shi har ƙarshe kuwa?"

Tsohon ya ce, "Lokacin ban daɗe da iya karatu ba. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina bin layi da yatsa, na zo daidai inda aka ce yana da tumaki da awaki masu yawa, sai ungozoma ta leƙo ta ce namiji ne. Na rufe littafin."

"Daga baya fa?"

"Daga baya ai sai neman abin da za ka ci. Me ya faru da shi ne, kai yaro? Tumakin sun mutu?"

Tun daga ranar Mai Faci ya sauya. Ya ƙudurta cewa tunda rowa ce ta kashe mai sunansa, shi ba za ta same shi a gida ba. Duk wanda ya tsaya a rumfa sai ya ci abinci, ko da tambayar hanya ya zo yi. Kwanon da matarsa ke aiko masa da rana ya koma tukunya. Sifanoninsa suka bi duniya, wasu ba su dawo ba har yau.

"Baban yara," in ji matar wata rana tana kankare gindin tukunya, "wancan wautarsa ta hanawa ce, kai taka ta bayarwa ce. Ni dai ban ga inda aka tsere wa sunan ba."

Mutum ɗaya ne kawai bai ci arzikin wannan sabon hali ba, wato Mai Jita, shugaban mawaƙan majami'a, gwauro mai fara'a da ƙaramar mota. Mai Faci ya binciko cewa jarumin labarin ma makaɗi ne, shi ke nan ya sa wa bawan Allah ido. In Mai Jita ya gaida matarsa, sai ya tsaya a tsakaninsu yana gyaran murya.

Rannan tayar motar Mai Jita ta sace a bayan layinsu. Ya zo rumfa a ƙafa, ya ce, "Yaya, a taimaka mini da jak, yanzu zan dawo da shi."

"Babu," in ji Mai Faci, alhali ga jak ɗin nan a gabansu. Ya ƙara da cewa kowane mai yawo da igiyoyin kiɗa yanzu ya zama mai mota.

Sai da mutumin ya tafi ya gane abin da ya aikata. Ya kori makaɗi da baƙar magana. Ya rufe rumfa ya nufi gida. Washegari da safe matarsa na miƙa masa shayi ta ce, "Af, jiya na ga Mai Jita tsugune a rana, na buɗe rumfa na kai masa jak ɗinka. Na ce ya yi haƙuri, ka san halinka."

Kofin ya suɓuce daga hannunsa. Ya dafe ƙirji, ya lallaba ya hau gado, ya ce a kira masa yara. Ya yi kwanaki a kwance yana jiran zuciyarsa ta zama dutse. Ya yafe wa kowa, ya raba kayan aikinsa da baki, ya roƙi matarsa alfarma ɗaya, cewa in ma za ta yi aure, ban da mai kiɗa. Da ta gaji ta ɗauko ma'aikaciyar jinya da ke maƙwabtaka da su. Ma'aikaciyar ta auna shi, ta ce ƙwannafi ne, ya rage yaji. Wanda ya fi kowa zuwa dubiya kuwa Mai Jita ne, har da jitarsa, yana rera masa waƙoƙin samun sauƙi a bakin gado.

Bai mutu ba. Ya tashi ya koma rumfa, ya yi shekaru masu yawa yana faci. Amma bai fasa shirya wa matarsa zaman takaba ba. Ya gina mata shago a ƙofar gida, ya nuna mata inda komai yake, kullum maganarsa "bayan ba ni". Ita kuma ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Sai ga shi ita ta riga shi. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ba ta ko wahalar da kowa ba. A wurin jana'iza ya riƙe hannun faston, wanda shi ma yanzu ya yi sanƙo, ya ce, "Fasto, ba haka ka karanta mana ba."

Yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya ganin kumfa a ruwa. Mai Jita, wanda amosanin gaɓɓai ya raba da kiɗa, shi ke zuwa kowace rana ya zauna a kan tsohuwar taya yana duba masa. In ya ga huda sai ya sa yatsa a wurin.

Wani lokaci Mai Faci kan dube shi ya ce, "Tsakaninka da Allah, da na mutu a wancan karon, da ka neme ta?"

"Yaya, ni fa tsoronta nake ji," in ji Mai Jita. "Miƙo gam ɗin."