Baba Ɓawo da ƙofar lambun da aka rufe masa

Da hantsi ya dubi ludayi yake fitowa daga ɗakinsa, yana lalube da sanda har bakin wayar da ta kewaye lambun ma'aikatar da ke bayan layinmu. Akwai wata bishiyar turare da ta jingina da wayar. Nan yake zura hannu ya shafa jikinta, ya daɗe a tsaye shi kaɗai, sannan ya juyo gida. Iyakar abin da ya rage masa ke nan a lambun da ya dasa da hannunsa. Baba Ɓawo muke ce masa, kuma gara a yabe shi yanzu yana ji, ba sai an lulluɓe shi ba.

Tun gashinsa na baƙi ya kama aiki a lambun nan. Masu wucewa tsintsiya kawai suke gani a hannunsa, ba su taɓa tsayawa sun ga yadda yake sharar ba. Ba ya haɗa ɓawon bishiyoyi wuri ɗaya, kowacce da tarinta a gindinta, sai ya tsuguna ya duba kafin ya kwashe. A wurinmu turare turare ce. Shi kuwa kowacce da sunanta. Wadda ɓawonta ke zuba ƙanana kamar fasasshen kasko, jikinta ya fito fari sumul, ganyenta na ƙanshin lemon tsami, ita ce Amarya. Wadda nata ke saɓulowa dogo-dogo yana reto, Mai Tsumma. Wadda ƙasanta ke da kaushi, samanta santsi, Mai Wando. Akwai kuma wadda ba ta tuɓewa sam, ɓawonta kauri kamar soso. Wannan Marowaciya yake ce mata.

Matan layi shaida ne, shekara da shekaru da ɓawonsa muke hura wuta, bai taɓa ɓata rai ba. Mai mura ya je, shi zai tsinko masa ganyen sirace. Mai shayin bakin ƙofa har gobe yana ba da labarin ranar da Baba ya tilasta masa janye teburinsa. Ya ce masa, "Waccan canjin riga take yi, amma wannan ta kanka ciwo ne da ita, ka ga gari a ƙarƙashin ɓawon." Mai shayi ya janye yana ƙunƙuni. Iskar farko ta damina, reshe ya faɗo daidai inda teburin yake a da.

Kai ne uban lambu, Baba. Kai ne ka yi jigilar ruwa da bokiti lokacin da famfo ya ƙafe. Kai ne ka binne matarka da safe, da la'asar aka gan ka kana ba dashe ruwa, don ba ka da wanda za ka zauna da shi a ɗaki.

To, ku ji sakayyar da aka yi masa. Da idonsa ya tafi aka sallame shi. Ranar bankwana mai jawabi ya miƙe ya ce ana gode wa "tsohon mai shararmu", aka miƙa masa agogon bango. Agogo, ga mutumin da ba ya gani. Sannan aka karɓe katinsa na shiga. Washegari ya zo kamar kullum, mai gadi ya tare shi.

"Baba, wallahi da tawa ce da na buɗe. Ba kati, ba shiga."

Ya ce, "To, ka gaishe min da Mai Wando."

Ni da nake kai wa ma'aikata abincin rana, ana buɗe min. Kular shinkafa tana shiga, wanda ya dasa inuwar da ake cin shinkafar a ƙarƙashinta yana waje. 'Ya'yansa sun yi nisa, sai waya jefi-jefi. Shi ya sa idan na fito nakan tsinto ɓawo a bakin zanena in kai masa ɗaki.

Shekaranjiya na zube masa a tabarma. Ya ce, "Uwar masifa, yau da wa aka yi?"

Na ce, "Da kai za a yi in ba ka ci tuwon jiya ba."

Ya yi dariya, ya shiga rarrabawa da yatsu, yana shinshinawa. Can ya tsaya a kan wani guntu, ya murza shi, gari ya zubo.

"Wannan Amarya ce, ta bakin famfo. Wani abu na cinta." Ya juya ɓawon a tafinsa. "Da zan ɗora mata hannu, da na san ko za ta tashi."

Na bar shi da ɓawon a cinya, agogo na ta bugawa a kansa.

Mun gode, Baba Ɓawo. Allah ya saka maka da inuwar da ta fi wadda ka dasa. Masu aiki, ku koyi tsugunawa ku duba abin da kuke sharewa, kamar yadda ya yi. Ku kuma manyan ma'aikata, ba kujera ya roƙa ba, ba lambar yabo ba. Ƙofa ce. Gobe da hantsi zan riƙo masa sanda mu zo tare. Wanda zai ce masa ba kati, ya sauko daga bene ya faɗa a gabana.