Wayar da Aka Ɗinke da Jar Fata

Shekarun baya can, ana gab da samun mulkin kai, ina aiki a ɗakin ɗaukar hoton ƙirji na wani asibiti a Sakkwato. Ni ke tsayar da marar lafiya gaban inji. Karatuna bai wuce elementare ba, amma Baturen da ke kula da injin ya ce ni za a tura Kaduna koyon aikin. Gurbi ɗaya ne tak. Tun kafin in je na fara tafiya kamar likita.

Injin yana da wata wayar lantarki mai kaurin damtse, lulluɓe da baƙar roba. Zafin garinmu a ƙarƙashin kwano, da zafin injin, da hasken nan nasa da ido ba ya gani, suka taru suka cinye robar. Ta bushe ta tsattsage, in an lanƙwasa ta sai ta riƙa zubar da gari. Da Baturen zai tafi gida ya ce a yi nesa da ita sai sabuwa ta iso. Sabuwa ba ta iso ba, masu tari kuwa ba su fasa zuwa ba.

Da aka ce manya za su kawo ziyara, shugabanmu ya ce ba zai nuna wa baƙi tsumma ba. Ya sa aka kira abokina, baduku ne, ya ɗinke wayar da jar fata. Yana ɗinki yana tsokanata: "Ɗan boko, matso ka gani. Hwatag ga har Ingila ana son ta, ta hi robar Nasara." Na matsa, na shafa fatar, na ce wallahi ta yi kyau. Baƙin ma haka suka ce.

Fatar ta riƙe zafi, robar ta ci gaba da lalacewa a ciki ba mai gani. Da damina ta faɗi fatar ta ja laima. Wata safiya na kama wayar in kawar da ita daga ƙafar wani tsoho, sai a gadon asibitin na farka. Yatsuna uku na dama ba su sake miƙewa ba. Kaduna kuwa, wani aka tura.

Abokina ya zo dubiya yana kuka. Na ce, "Tashi, Malam. Ɗinki anka sa ka, kuma ka iya."

Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Abin da ke cina shi ne, lokacin da wayar take a tsage kowa na tsoronta, ba wanda ta taɓa. Sai da muka yi mata ado ta samu hannuna. Wannan ma da hagu nake rubuta muku.