Zafin Da Injin Gwaggo Ya Ƙi Faɗa

Ni na haɗa wa gwaggona injin ƙyanƙyasa a Farin Dutse, can ƙasar Gwaram. Sola ce ke jan sa, ga 'yar kwamfuta mai karanta ma'aunin zafi, in zafin ya wuce kima ta kunna fanka. Matan unguwa suka riƙa kawo ƙwan kajinsu, ita kuma tana ta fankama da ɗan ƙaninta. Sai da bazara ta kankama manhajar kwamfutar ta sabunta kanta, fanka ta yi shiru, allo kuwa yana nuna komai lafiya alhali cikin injin ya yi zafin tanda.

Gwaggo ta kwashe ƙwan ta rufe da zane, ta ɗauko kwamfutar da ma'aunin da fankar a kan acaɓa har shagona a Birnin Kudu, ta dangwarar a teburi. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce dama ta san karatuna na banza ne, ƙwan mutane na can suna jira, ba za ta motsa ba sai na gyara. Raina ya ɓaci, wallahi, amma gwaggo ce, na haɗiye.

Laifin yana cikin direba, wato guntun manhajar da ke karɓo magana daga ma'auni. Tsohon zubi yana aiki, sabo ba ya yi, tsakaninsu gyare-gyare jingim. Na riƙa raba su biyu, in ɗora rabi, in manna ma'aunin a jikin butar shayi, in duba allo. Duk gwaji sai gwaggo ta ja tsaki. Da mai shagon kusa ya leƙo, ta gaya masa shayi nake dafa wa inji.

Wajen la'asar na kamo laifin. Wani ne a can ƙasar sanyi ya ƙara layi ɗaya: in zafi ya haura iyakar da ya ga dama, a ɗauka ma'auni ne ya lalace, a maimaita karatun baya. Shi a tunaninsa babu ɗakin da zai yi wannan zafin. Bai taɓa shiga ɗakin kwano a Gwaram ba, ɗan rainin hankali. Na cire layin, fanka ta tashi, na rubuta wa mai layin magana mai kaushi.

Na fara yi wa gwaggo bayani, ta katse ni. "Ni ban san shi ba. Kai na sani."

Washegari a Farin Dutse muka haska ƙwan da tocila, ba mai motsi. Ta zuba su a kwarya, kowanne da alamar gawayin mai shi, ta ce in mayar gida-gida da ƙafata. Na sha zagi ta bayan labule, na dake.

A gidan ƙarshe wata tsohuwa ce. Ba ta zage ni ba. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara a kunne, ta ce, "Tsaya tukuna, ɗan nan, ka yi shiru in ji."