Ɗan wasan da ya ji tsoron hawayensa

Shekara biyu na yi a Rasha ina karatun injiniya kafin sanyi ya koro ni gida, daga baya Allah ya buɗe mini hanyar karatun addini a Madina. Rashancin da na tsinto bai taka kara ya karya ba, amma a Madinar shekarun tamanin ko wannan ɗin tsada gare shi. Shi ya sa da wasu 'yan tsirarun alhazan Rasha suka sauka wata shekara, aka aiko har ɗakinmu a unguwar Sultana aka ce in zo in yi musu tafinta.

A cikinsu akwai wani dogon tsoho ɗan ƙabilar Tatar, mai murya kamar ganga. Ɗan wasan kwaikwayo ne, na dandali da na fim, kuma sauran alhazan sai nan-nan suke yi da shi. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Ranar farko ya roƙe ni in koya masa sallamar da ake yi a gaban kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sau biyu na karanta ya haddace, har da inda nake jan numfashi. Ni da na yi wata guda ina fama da baiti goma na nahawu, wallahi sai da na ji haushi.

To amma fa ya ƙi zuwa. Kwana takwas ne zamansu a Madina. Abokan tafiyarsa duk sun je sun yi ziyara tun rana ta biyu, shi kuwa kullum sai ya yi sallarsa can baya, ya lallaɓa ya fita. Yau ƙafa, gobe cunkoso. Rana ta shida haƙurina ya ƙare. Na ja shi wani shagon ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, na ce, "Haba Baba! Mutum ya ƙetaro duniya, sannan ya tsaya a bakin ƙofa? Jibi fa za ku tafi."

Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ɗana, dube ni." Ina kallo fuskarsa ta saki, leɓensa ya soma rawa, hawaye suka zubo shar-shar har cikin gemu. Mai shagon ya taso a guje yana cewa, "Salamat ya hajj, salamat!" Sai tsohon nan ya share fuska, ya gutsuri tamis ya ci gaba da ci. Na yi dariya har na ƙware.

Shi bai yi dariya ba. Ya ce sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Ya fara da jan labule, aka ba shi sojan da ba ya magana, a hankali ya zama sarki, ya zama mashayi, ya zama uban da ake kawo wa labarin mutuwar ɗansa. A matsayin wannan uban ya fi fitowa a fim, don babu wanda ya kai shi iya kuka. Har limamin ƙarya ya taɓa fitowa, ya ɗauki addu'ar da kakarsa ta koya masa a ɓoye saboda tsoron hukuma, ya ba mutane dariya da ita.

Ya ce, "Na san idan na tsaya a can zan yi kuka, kuma zai yi kyau. Sallamar ma za ta fita daidai. Ta yaya zan san ni ne, ba aikin ba ne? Ina iya ruɗin kowa, ɗana. A can ne kaɗai ba na so."

Na lalubo 'yan abubuwan da na karanta a kan niyya, Rashancin ya ƙi ɗauka. Ƙarshe na ce, "Baba, gobe bayan la'asar za mu je. In ka ƙi, ɗaukar ka zan yi." Ya dubi ramata, ya dubi kansa, ya ce to.

Washegari muka bi layi. Zafi, turare, mutane kafaɗa da kafaɗa, askarawa suna ta "Yalla ya hajj, yalla!" Ina riƙe da hannunsa har muka iso gaban kabarin. Na yi tawa sallamar, na saurara in ji gangar nan ta tashi. Shiru. Na waiga na ga baki buɗe, ido a bushe ƙamas, ya yi tsuru-tsuru kamar ɗan ƙauyen da ya ɓata a tasha. Ya motsa leɓe sau ɗaya, askari ya tura mu, sai ga mu a waje cikin rana.

Raina ya ɓaci, na tausaya masa ƙwarai. Na ce mu sake zagayowa, in riƙa karanta masa yana maimaitawa. Sai ya damƙe kafaɗata, yana dariya yana haki.

"Na manta, ɗana! Kaf! Tunda na hau dandali kalma ɗaya ba ta taɓa kuɓuce mini ba, ko ranar da aka binne mahaifiyata. Yau ko harafi ban samu ba!"

Ban taɓa ganin wanda mantuwa ta faranta wa rai haka ba. Ya ce gobe kafin mota ta tashi za mu dawo ya yi sallamar yadda ake yi, amma ta yau a bar masa ita. Na ce, "To ai na ga bakinka ya motsa. Me ka ce?"

Ya ɗan ji kunya, ya sunkuyar da kai. Ya ce ba Larabci ba ne, ba ma Rashanci ba, da harshen gidansu ya fita.

"Cewa na yi, ni ne, na zo."