Doyar da ban taɓa saya ba

Yau na ga tulin doya a Madalla, sai na tuna ranar da nake zaune gaban Baba a unguwar Kwamba cikin Suleja, a shekarun casa'in, ina yi masa lissafi. Wurin aiki sun mayar da ni Landan, albashi ninkin ba ninkin. Na cire haya da kuɗin mota, ga saura.

Ya ce, "Doya fa, nawa ce a can?"

Na yi dariya. "Baba, ai ban taɓa sayen doya ba."

"To, ka sa ta a lissafin."

A satina na farko a Landan aka ɗora min rabin doya a sikeli, aka faɗa min kuɗinta. Ranar na gane albashi biyu nake ci a Suleja, ɗayan gonar Baba ke biya.

Ku da ke waje, me kuka manta ba ku lissafa ba?